Shin BDNF yana ƙetara shingen ƙwaƙwalwa, ko ba ya ƙetarawa?

Ramlatu:

Assalamu alaikum. Ni ɗaliba ce, ina digiri na biyu a fannin ilimin magunguna, an kuma ba ni in gabatar da takarda a kan sinadaran nan masu raya ƙwayoyin jijiya, irin su BDNF da NGF da GDNF, da yadda suke shiga ƙwaƙwalwa daga cikin jini. Wuri ɗaya ne ya ɗaure mini kai. A binciken da Weihong Pan da Abba Kastin da abokan aikinsu suka wallafa a 1998, sun ce BDNF yana ƙetara shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa, har ma yana da hanyarsa ta musamman. Da na koma rubuce-rubucen William Pardridge sai na tarar shi cewa yake ba ya shiga, sai dai a ɗaure shi a jikin wani abin da zai ƙetarar da shi. Dukkansu masana ne da ake ji da su, dukkansu kuma da ɓeraye suka yi aiki. To wa zan bi?

Sannan in har yana shiga, me ya sa babban gwajin da aka yi wa masu cutar ALS (cutar da ke kashe jijiyoyin da ke motsa tsoka) da BDNF, wanda sakamakonsa ya fito a 1999, bai haifar da komai ba, alhali mutum fiye da 1,000 aka sa a ciki?

Ba don takardar kaɗai nake tambaya ba. Kawuna yana fama da cutar Parkinson, 'ya'yansa kuma suna yawan turo mini tallace-tallacen intanet na ƙwayoyi da feshin hanci da ake cewa suna kai irin waɗannan sinadarai ƙwaƙwalwa. Ina so in ba su amsar da na tabbatar da ita. Allah ya saka da alheri.

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam, Malama Ramlatu. Allah ya ba kawu lafiya. Na yi irin wannan awon da hannuna a ɗakin gwaji, kuma a ganina saɓanin ba a kan BDNF ɗin yake ba, a kan yadda ake auna shi ne.

Shingen kansa kin san shi, ba zan daɗe a kai ba. Ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon siraran hanyoyin jini na ƙwaƙwalwa a liƙe suke da juna, wasu furotin irin su kulodin-5 da okuludin sun ɗinke tsakaninsu. Tun 1885 Paul Ehrlich ya ga rinin da ya zuba wa dabba a jini ya rine gaɓoɓi ya bar ƙwaƙwalwa fara, sai a 1967 Reese da Karnovsky suka nuna da madubin lantarki cewa a wannan ɗinkin ne abu yake tsayawa. Abin da ke iya ratsa bangon da kansa shi ne ƙarami mai narkewa a kitse, wanda nauyinsa bai wuce dalton 400 zuwa 500 ba (dalton shi ne ma'aunin nauyin ƙwayar sinadari). Insulin kuwa dalton 5,800 ne, IGF-1 wajen 7,600, BDNF da yake yawo biyu-biyu a haɗe kusan 27,000. Babu ɗayansu da zai sulale ta tsakani. Sai dai ƙwayar bangon ta kama shi ta ɓangaren jini, ta haɗiye shi cikin 'yar jaka, ta ratsa da jakar cikin jikinta, ta fitar da shi ta ɓangaren ƙwaƙwalwa. Kuma ba kowace jaka ce take isa ba. Wata a mayar da ita jini, wata a kai ta laisosom a narkar da abin da ke ciki.

Idan masana suka ce hanya tana cika, ki ɗauke ta kamar kwalekwalen fito: komai yawan mutanen da suka taru a bakin ruwa, iya masu cika shi zai ɗauka a sawu ɗaya. Shi ya sa ninka allura ba ya ninka abin da ke shiga. Hanyar insulin ma tana fara cika tun a ma'aunin da bai kai ya saukar da sukarin jini ba.

Yanzu awon. Ana liƙa wa furotin ɗin aidin-125 mai fitar da burbushin nukiliya, a yi wa ɓera allura a jijiya, bayan wasu mintuna a cire ƙwaƙwalwar a sa a na'ura ta ƙirga. Na'urar aidin take gani, ba BDNF ba, kuma ba ta san inda aidin ɗin yake zaune ba. Wani ɓangare na ƙirgen jini ne kawai da ya rage a cikin hanyoyin jinin, wannan mai sauƙi ne, ana wanke shi da ruwan gishiri ta zuciya ko a cire shi da lissafi ta hanyar albumin, furotin ɗin jini da ba ya ƙetara shingen. Na biyun ya fi wuya. BDNF yana ɗauke da cajin lantarki mai ƙarfi na fozitif, bangon hanyar jini kuma an lulluɓe shi da sinadarai masu cajin negatif irin su hefaran salfet, saboda haka yana mannewa a bango ko bai shiga ba. Domin wannan ne ɗakin binciken Pardridge ya fito da dabara a 1990, ta markaɗa ƙwaƙwalwar a juya ta a cikin ruwa mai kauri har hanyoyin jinin su kwanta ƙasa a ware su. Wanda ya taɓa yi ya san markaɗen in ya yi ƙarfi, abin da ke manne a bango yana iya ɓallewa ya koma cikin ruwan, a ƙirga shi a matsayin wanda ya shiga. Na ukun shi ne ruɓewa: idan hanta ta farfasa furotin ɗin, aidin yana fitowa manne da ɗan guntun tairosin, ɗaya daga cikin amino asid ɗin da ake gina furotin da su, shi kuma tairosin yana da motarsa ta daban da ke shigar da shi ƙwaƙwalwa ba wahala. Sai na'ura ta yi ta ƙirge, alhali BDNF ɗin ya daɗe da wargajewa.

Duka ɓangarorin biyu sun san waɗannan ramuka. Su Pan da ƙananan ɓeraye (mice a Turance) suka yi aiki, suka ce sun sami BDNF ɗin lafiya ƙalau a jini har zuwa awa guda, kuma yawancin wanda ke ƙwaƙwalwa ya wuce bango. Su Pardridge da manyan ɓeraye (rats) suka yi, suka ga yana ɓacewa daga jini cikin 'yan mintuna. Ni inda na tsaya shi ne: ɗan kaɗan yana shiga, wanda na'ura mai kaifi za ta iya gani, amma bai kai na magani ba. A irin waɗannan gwaje-gwaje abin da ke isa kowane giram na ƙwaƙwalwa ba ya ko kusantar kashi 1 cikin 100 na allurar. Su Kastin tambayarsu ita ce ko jiki yana da hanyar aika saƙo daga jini zuwa ƙwaƙwalwa. Pardridge tambayarsa ita ce ko za a iya warkar da mutum ta nan. In kin raba tambayoyin biyu a takardarki, rabin rikicin ya kau.

Kada kuma ki yi musu kuɗin goro. Su Kastin ɗin da kansu sun auna GDNF a 2003 suka ce ba shi da hanyar shiga. Wani daga cikinsu, FGF-2, yana shiga ne ta wannan mannewar ta caji da na faɗa, ƙwayar bango ta haɗiye shi ba tare da makarɓi na musamman ba, wato furotin ɗin saman ƙwaya da ke gane sinadari ya kama shi. FGF21 kuma an ruwaito yana shiga a hankali ta hanyar da ba ta cika.

Wanda ya fi burge ni, kuma da ni ne ke da takardar da shi zan gina ta, shi ne IGF-1. Hanta ce ke yin mafi yawansa. A jini ba a sake yake ba, a ɗaure yake da wani furotin, IGFBP-3, da wani na uku, su zama dunƙule mai nauyin dalton kusan 150,000 wanda ba ya fita daga hanyar jini ko a ina. Ɗakin binciken Ignacio Torres-Alemán a Cibiyar Cajal da ke Madrid ya nuna a 2000 cewa idan ɓera ya yi gudu, ƙwaƙwalwarsa tana ƙara ɗaukar IGF-1 daga jini. A shekarar da ta biyo baya suka toshe IGF-1 ɗin da antibodi, furotin ɗin garkuwar jiki da ke kama abu guda takamaimai, sai ƙarin sabbin ƙwayoyin jijiya da gudu ke haifarwa a hifokamfus, sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tuna abubuwa, ya ɓace. A 2010 suka kawo abin da ya fi wannan: wurin da ƙwayoyin jijiya suke aiki a wannan lokacin, nan ne IGF-1 yake shiga. Aikinsu yana sa a saki sinadaran da ke buɗa hanyar jini, waɗannan su tayar da wani enzayim, MMP-9, ya yanke IGFBP-3, IGF-1 ya kuɓuta, makarɓin LRP1 da ke bango ya ƙetarar da shi. Wato ƙwaƙwalwa ce take kiran abin a daidai inda take bukatarsa. Ga kuma wata ƙofa ta daban a koroyid filezus, inda ake yin ruwan ƙwaƙwalwa, can makarɓin megalin ne ke shigar da shi. Wannan tsari ne mai ban mamaki ƙwarai, kuma yana nuna dalilin da allura ƙarƙashin fata ba za ta kwaikwaye shi ba.

Dakta Sa'adatu:

Salamu alaikum. Malam Habibu ya gama da ɓangaren ɗakin gwaji, ni ta ɓangaren marasa lafiya zan ƙara.

Ƙanwata Ramlatu, da aka ga jini ba ya kai su, tunanin farko shi ne a zuba su kai tsaye a ruwan ƙwaƙwalwa. A Cibiyar Karolinska ta Suwidin an yi wa masu cutar Alzheimer 3 haka da NGF, rahoton ya fito a 1998. Abin da suka samu shi ne ciwon baya mai naci da rama. An gwada GDNF haka ga masu Parkinson 50, sakamakon ya fito a 2003: tashin zuciya, amai, rashin cin abinci, rama, raguwar gishirin jini, cutar kuma tana nan yadda take. Dalili a fili yake. Ruwan ƙwaƙwalwa wajen mililita 150 ne, jiki kuma yana yin kusan 500 a kullum, saboda haka abin da aka zuba ana wanke shi zuwa jini cikin awanni. A wannan ɗan lokacin babban furotin ba ya nutsawa cikin naman ƙwaƙwalwa fiye da milimita ɗaya ko biyu, sashen ƙwaƙwalwar da ake kira futamen kuma, inda masu Parkinson suke bukatarsa, can ciki yake.

Sai aka ce to a kai bututu har cikin futamen ɗin. A Bristol ta Ingila, Steven Gill ya yi wa mutum 5 haka, a 2003 aka ruwaito sun sami sauƙi sosai, sai dai kowannensu ya san magani ake ba shi. Da aka maimaita da mutum 34, wasu magani wasu ruwan gishiri ba tare da sun sani ba, bambancin bai fito ba. An sake dawowa Bristol da sabuwar dabara, aka dasa wa mutum 41 mashiga a bayan kunne, duk mako 4 a tura maganin da matsi, har mako 40. A 2019 sakamakon ya fito. Hoton ƙwaƙwalwa na PET ya nuna ƙwayoyin dofamin, waɗanda cutar Parkinson ke lalatawa, sun farfaɗo a waɗanda suka sami GDNF, amma a ma'aunin motsin jiki da aka ɗora gwajin a kai ba su zarce 'yan ruwan gishiri yadda za a kafa hujja ba. Duk lokacin da na karanta labarin mutanen nan ina jin nauyinsu a raina, domin tiyatar kai suka yarda aka yi musu saboda na baya su amfana.

Game da tallace-tallacen: furotin da aka haɗiya, ciki ne zai narkar da shi kamar kowane furotin. Hanyar hanci gaskiya ce ana bincike a kanta, domin jijiyoyin sansano wari suna ratsa ƙashin saman hanci zuwa ƙwaƙwalwa, amma abin da ke bi ta nan kaɗan ne, kuma babban gwajin insulin ta hanci ga masu matsalar mantuwa, wanda aka wallafa a 2020, bai nuna amfani ba. Ki gaya wa 'yan'uwanki kada su taɓa lebodofar da likita ya ɗora kawu a kai saboda wani feshi. Ita lebodofa ma misali ce da za ki iya sawa a takardarki: dofamin ba ya ƙetara shingen, ita kuwa tana hawa motar amino asid ta shige, can ciki a mayar da ita dofamin.

Sagiru:

Malam, ni tambayata gajeriya ce. An koya mana cewa bayan shanyewar ɓarin jiki shingen yana ɓallewa. Me zai hana a ba da maganin a lokacin?

Malam Habibu:

Sagiru, lokacin ne ba ya haɗuwa. Ƙwayoyin jijiyar da ake son ceta a awannin farko suke mutuwa, babbar ɓallewar shingen kuwa daga baya take zuwa, kuma ta fi yawa a tsakiyar wurin da ya riga ya mutu. Gefen da ake da sauran rai shingensa yakan kasance a rufe. Akwai kuma sinadarin da shi kansa mai ɓalle shingen ne, wato VEGF, wanda tun farkon gano shi a 1983 an san shi ne da sa hanyoyin jini yoyo. A wani gwaji na 2000, ɓerayen da aka ba VEGF awa 1 bayan toshe musu jijiya sun ƙara yoyo da zubar jini a ƙwaƙwalwa, waɗanda aka ba bayan awa 48 kuwa sabbin hanyoyin jini suka tsiro musu, suka fi murmurewa.

Ramlatu:

Na gode Malam, na gode Dakta, Allah ya ƙara basira. Saura abu biyu. Ina ganin bincike da yawa da ake ɗibar jinin mutane bayan motsa jiki a ce BDNF ya ƙaru, daga nan a ce ƙwaƙwalwa ta amfana. Wannan hujja ce? Sannan dabarar Pardridge ta ɗaure shi a jikin wani abu, ina ta kwana?

Malam Habibu:

Ta farkon ki yi taka-tsantsan da ita. Mafi yawan BDNF da ke jinin ɗan Adam a cikin filatilet yake, ƙwayoyin nan masu daskarar da jini. Idan aka bar jini ya daskare a kwalba kafin a tace ruwansa, filatilet suna zazzage abin da ke cikinsu, shi ya sa awon wannan ruwan, wato siram, yake ninka na filasma, ruwan jinin da ba a bari ya daskare ba, sau da yawa, har tsawon lokacin da kwalbar ta zauna a kan tebur yana canza lambar. Motsa jiki kuma yana sa saifa ta matso filatilet cikin jini. Kin ga lambar tana iya hawa ba tare da ta ce komai a kan ƙwaƙwalwa ba. Ƙananan ɓeraye filatilet ɗinsu ba su da BDNF, duk da haka in sun yi gudu BDNF yana ƙaruwa a hifokamfus ɗinsu, domin ƙwayoyin jijiyar ne suke yin abinsu a wurin. Motsa jiki yana da amfani ga ƙwaƙwalwa, kuma kawu zai amfana da shi gwargwadon ikonsa, amma awon siram ba shi ne shaidar ba.

Ta biyun kuma tana nan da ranta. Ƙwaƙwalwa tana bukatar sinadarin ƙarfe, wani furotin mai suna tiransferin ne ke kawo shi, kuma tun 1984 aka nuna makarɓinsa ya cika bangon hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa. Sai aka ɗauki antibodi mai kama wannan makarɓin, OX26, aka ɗaura masa kaya. A 1993 su Phillip Friden suka ƙetarar da NGF haka a ɓeraye, a 1999 su Pardridge suka yi da BDNF, suka ga ya kare ƙwayoyin hifokamfus bayan yanke musu jini na ɗan lokaci. Daga nan aka daɗe ana tafiyar hawainiya, har masu bincike a kamfanin Genentech suka nuna a 2011 cewa antibodin da ya riƙe makarɓin da ƙarfi sosai ba ya sakinsa a wancan gefen, a cikin bangon yake maƙalewa. Da suka rage ƙarfin riƙon sai abin da ke isa naman ƙwaƙwalwa ya ƙaru. An kuma gano cewa 'ya'yan jajayen ƙwayoyin jini suna da wannan makarɓin da yawa, antibodin yana iya halaka su, dole aka gyara wutsiyarsa don kada ta tayar da garkuwar jiki a kansu. A 2021 Japan ta amince da fabinafus alfa domin cutar Hunter, wata cutar gado ta rashin wani enzayim, magani ne da ke bin wannan hanyar a jikin ɗan Adam.

Sai dai ki lura, abin da wannan maganin yake ɗauke da shi enzayim ne da kowace ƙwayar jikin mai cutar take bukata, don haka bazuwarsa ko'ina alheri ne. Sinadarin raya jijiya ba haka yake ba. Makarɓin tiransferin yana ko'ina a ƙwaƙwalwa, ba za ki ce masa ya sauke GDNF a futamen kaɗai ba. Kason da bai shiga ba kuma, wanda shi ne mafi yawa, yana nan yana aiki a sauran jiki. NGF yana kaifafa jijiyoyin jin zafi, mutanen da aka yi wa allurarsa a gwajin ciwon jijiya na masu sukari sun yi ta kukan zafi a wurin allurar. Wani irinsu, CNTF, ya jawo wa masu ALS tari da rama. IGF-1 yana iya faɗar da sukarin jini. Saboda haka masu aiki a kan GDNF da yawa suka koma ga dasa ƙwayar gadonsa a cikin futamen ta hanyar bairos ɗin AAV2, ƙwayoyin wurin su riƙa yin sa da kansu. A nan ma isar da shi ne matsalar: da aka yi irin wannan da NGF ga masu Alzheimer, gwajin da aka wallafa a 2018 bai nuna amfani ba, da aka duba ƙwaƙwalwar wasu daga cikinsu bayan rasuwarsu sai aka tarar bairos ɗin bai bazu ya kai ga ƙwayoyin da aka nufa ba. Shi ya sa a gwaje-gwajen GDNF na yanzu ake zuba shi mutum yana cikin na'urar MRI, likita yana kallon yadda ruwan yake bazuwa yana gyara bututun.